Bayan Turare Ba Zama

A Jubail, garin masana'antu na Larabawa a bakin teku, kafin ka ga Hazza hancinka ya riga ya gan shi. In ya wuce ta barandar ofis, sai ƙamshin itacen udu ya tsaya a bayansa yana gaisawa da mutane, shi kuwa ya yi nisa. Abokan aiki ba sa tambayar ko Abu Nawwaf, kamar yadda suke kiransa da sunan ɗansa, ya zo, iska kawai suke shaƙa su san amsa.

Gado ya yi. Mahaifinsa makiyayin raƙuma ne wanda fari ya koro shi bakin teku neman aiki, ya mutu bai mallaki abin a zo a gani ba. Amma ko baƙon da ya zo tambayar hanya ba ya fita daga gidansa sai an zagaya masa da kasko, ko da ɗan guntun udu ne kamar farce. Ƙa'idar kuwa kowa a nan ya san ta: in mai gida ya fito da turare, to hira ta ƙare, baƙo ya turara gemunsa ya nemi takalmansa. Bayan turare ba zama. Tsohon ya ƙara nasa a kai, yakan ce wurin da ka zauna ma baƙonka ne, kada ka tafi ka bar shi da warin guminka.

Da wannan tarbiyya Hazza ya shiga kamfanin gas tun yana saurayi, a sashen sufuri, inda ake tsara wace tanka za ta tashi, ina za ta, wa zai ja ta. Bai taɓa zama babba ba, bai kuma nema ba. Furfura ta same shi a teburi ɗaya kusa da taga. Mutum ne mai son mutane, mai dogon gaisuwa, mai taurin kai irin na raƙumin ubansa.

Taurin kan ne ya ja masa. Wata rana ya shigo da gawayi a ɓoye ya hura kaskonsa a ofis, a kamfanin da ko ashana ba ta ƙetare ƙofa. Jiniyar gobara ta ɗauka, aka kwashe ginin kaf zuwa fili cikin rana mai narka kwalta, motocin kashe gobara suka zo da gudu suka tarar da ƙamshi. Ranar nan da an kore shi, ba don Injiniya Talal ba. Talal shi ne shugaban sashen, kuma Hazza ne ya nuna masa hanyar masallaci da ta kantin abinci ranar da ya fara aiki yana ɗan yaro. Shi ya hau sama ya yi ta roƙo har aka mayar da hukuncin gargaɗi na ƙarshe.

"Abu Nawwaf," in ji Talal da ya dawo, "na ba su fuskata a kanka. In ka sake, wallahi ni kaina ba ni da bakin magana."

"Ranka ya daɗe, ni da wuta a ofis har abada."

Ya kuwa cika alkawari, a irin tasa fahimtar. Da ɗansa Nawwaf ya sayo masa kaskon lantarki don gida, wanda ake jona wa soket ya gasa udu ya kashe kansa, sai Hazza ya juya shi a hannu ya yi fatawa shi kaɗai: an ce wuta, wannan kuwa ba wuta ba ce. Daga nan duk ranar da za a tafi hutu sai ya rufe ƙofa, ya buɗe taga, ya durƙusa ƙarƙashin tebur. Soket ɗaya ne a wurin, na kwamfutarsa. Doka ta ce ba a kashe kwamfuta ko za a tafi hutu, saboda masu kula da su na aiko musu gyara daga nesa. Hazza yakan zare filogin, ya jona kasko, ofis ya sha ƙamshi, ya mayar da komai yadda yake. Hali zanen dutse.

A shekarar da abin ya faru, hutun ƙaramar salla ne, ranar aiki ta ƙarshe kuma ana azumi. Mai azumi ba ya shaƙar hayaƙin turare, wannan ko yaro ya sani. Saboda haka da Hazza ya jona kaskon, sai ya toshe hanci da gefen shimag, ƙyallen da yake yafawa a kansa, ya fita baranda ya ja ƙofa, wai ya jira hayaƙin ya lafa. Nan abokinsa Abdulmuhsin na sashen ajiya ya ci karo da shi.

"Kai kuma lafiya ka rufe fuska kamar ɗan fashi?"

"Mura ce."

"Murar da ke ƙamshin ango? Allah ya shirye ka, tsoho. Zo ka sauke ni gida, motata ta ƙi tashi, kuma wallahi in na ƙara tsayuwa a ranar nan sai azumina ya karye da kansa."

Aka shiga tura mota, aka shiga gardamar ko za a ga wata gobe ko jibi. Hazza bai sake tuna ofis ba.

Washegarin salla da hantsi, yana gidan yayansa an baje faranti ana ta fama da shinkafa da naman rago, wayoyin duk ma'aikatan kamfanin da ke wurin suka ɗauki ƙara a tare. Hazza ya ɗaga tasa da hannun hagu. Abdulmuhsin ne.

"Abu Nawwaf, an cinye mu! Kwamfutocin kamfani duk sun mutu!"

"Wace ce ta mutu?"

"Na ce maka duka! Daga ta mai gadi har ta babban darakta. Wasu ne daga wata ƙasa suka turo musu cuta, ta shafe komai, allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Yaƙi ne, Abu Nawwaf, yaƙi ba bindiga!"

Wuri ya kaure. Wannan na cewa ai dama ya faɗa, wancan na neman makullin mota a cikin matasan kujera. Hazza kuwa ba kamfani ne a ransa ba. Kaskonsa ya tuna, yana can jone a ƙarƙashin tebur, kuma yau kowane lungu na ginin sai an leƙa shi.

Ya samu matarsa Wadha a ƙofar ɗakin mata ya raɗa mata. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Duniya na ci da wuta, kai kaskonka kake tunani?"

"Ummu Nawwaf, gargaɗin ƙarshe fa gare ni."

"Da ka tuna da haka ranar da kake sato mini udu a durowa. Je ka, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho."

Abin da ya tarar a kamfani bai taɓa ganin irinsa ba. Tankoki sun yi layi tun daga ƙofa har inda ido ya ƙare, direbobi sun sauko suna fifita da kwali, ba mai iya gaya musu wa zai ɗauki me. A ciki samari na gudu da almakashi da filaya suna tsinke wayoyin da suka haɗa injuna, manyan daraktoci da kayan salla suna ihu a waya. Wani ya tono tsohon tafireta daga sito yana hure masa ƙura, mutane sun kewaye shi kamar an haifi ɗa. Kafin azahar cutar har ta samu suna a bakin ma'aikata, suna ce mata Shafau. Bututu da injinan gas suna nan lafiya, Allah ya tsare, amma duk abin da kamfani ya sani a ofis ya tafi. Ta lasifika ana ta nanatawa: kada wanda ya taɓa kwamfuta, kada wanda ya kunna komai.

Hazza ya bi ta matakalar baya. Ya shiga ofis, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara, ya zare kasko ya zura a aljihun jallabiya. Alhamdu lillahi. Saura ya mayar da filogin kwamfuta, shi ke nan ba wanda zai san an yi. Ya lalubo shi, ya kai bakin soket.

"Baffa! Sake shi! Don girman Allah sake shi!"

Ya firgita har ya buga ƙeya da tebur. Lulwa ce a ƙofa, yarinyar sashen tsaron kwamfuta, sa'ar 'yarsa, tana bin ofis-ofis da wani jami'in tsaro. Ta yi tsalle ɗaya ta fizge wayar daga hannunsa ta rungume kamar jariri.

"Tun yaushe take a cire?"

"Tun... tun ranar da aka tashi hutu."

"Ba ta ga wuta ba tun ranar? Ka rantse?"

"'Yata, ni da furfurata?"

Sai yarinya ta saki kabbara da ƙarfi har mutane suka leƙo. Bakinta na sauri ta yi masa bayani. Shafau ta daɗe da shiga injunan, ta kwanta lamo tana jiran sa'ar da aka ɗaura mata. Da sa'ar ta cika, ta tashi ta shafe komai, sannan ta shafe kanta, ba ta bar ko sawu ba. Tun safe suke neman ko gutsurenta su ga yadda aka ƙera ta da inda ta biyo, ba su samu ba. Wannan kwamfutar kuwa tana kashe lokacin da sa'ar ta buga.

"Tana ciki, Baffa! Tana barci a ciki da ranta! Da ka jona, da ta farka ta ga lokaci ya wuce, ta cinye kanta a gabanmu. Ka kama mana maciji da rai!"

Aka ɗauki kwamfutar Hazza a kan bargo, mutum huɗu, ana a ba da hanya, a ba da hanya. Mutane na tafi, wani ya sumbaci goshinsa. Hazza ya fara gyara zaman shimag, yana jin kansa wani sadauki.

Jami'in tsaron nan ne bai yi tafi ba. Sunansa Mish'al, dogo ne marar fara'a, irin mutanen da ko barka da salla suka ce maka sai ka ji kamar tuhuma ce.

"Abu Nawwaf," ya ce a hankali, "a duk ginin nan kai kaɗai ka cire taka kafin hutu. Wa ya gaya maka abin da zai faru?"

"Ba wanda ya gaya mini."

"To me ya sa ka cire? Kuma yau an ce kada a taɓa, ka biyo ta baya kana neman jonawa, abin da zai ɓatar da shaida. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ɗan gida. Me ya sa ka cire?"

Kasko na aljihu yana dukan cinyarsa. Talal na tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa. Hazza ya buɗe baki, ya tuna fuskar da aka bayar a kansa, ya rufe. Ya ce ya manta. Amsar banza, ko shi ya san haka. Mish'al ya karɓe katin shigarsa ya ce ya dawo gobe gaban kwamiti.

Labari a Jubail ba ya jiran mota. Da la'asar a masallacin unguwa, mutumin da suka shekara ashirin suna sahu ɗaya ya miƙa masa yatsu biyu ya janye. Wani ya ja ɗansa gefe. Ba wanda ya furta kalmar, amma Hazza ya ji ta a bayansa har gida: maci amana, ya sayar da ƙasa. Abin ya yi masa ciwo irin wanda bai taɓa ji ba, har ya kasa cin abinci.

"Ka faɗa musu mana," in ji Wadha.

"In na faɗa, aiki ya tafi. Kuma na kunyata Talal."

"In ba ka faɗa ba fa? Nawwaf zai je neman aure a ce ɗan wa? Ni dai na auri mai taurin kai, na haƙura. Ban auri ɗan leƙen asiri ba, ba kuma zan zauna a kira ni matarsa ba saboda kaskon da ko shayi ba ya dafawa."

Ya juya kaskon a hannu. Gaba kura, baya sayaki. Amma da ya auna, sai ya ga kurar ta fi girma nesa ba kusa ba.

Da safe ya sa jallabiyarsa mafi fari, ya turara ta har Wadha ta yi tari. A ɗakin kwamiti ga Mish'al, ga Talal, ga Lulwa da idanu jajaye don rashin barci, ga wasu manya biyu daga sama. Kafin a tambaye shi komai ya zaro kasko ya dangwarar a tsakiyar tebur.

"Ga wanda ya aiko ni."

Ya kwashe labari tas, tun daga fatawar da ya yi wa kansa har toshe hanci saboda azumi da motar Abdulmuhsin. Mish'al ya taɓe baki.

"Kowa na iya sayen kasko a kasuwa jiya da yamma. Hotunan kyamara sun tafi da sauran. Ina shaida?"

"Ni ce shaida," in ji Lulwa, tana danne dariya. "Jiya da na kwance bayan kwamfutar, sai da na yi atishawa uku. Fankar cikinta ta yi baƙi da danƙon udu, ba na wata ɗaya ba, ba na shekara ɗaya ba. Na buɗe injuna da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin mai ƙamshin amarya ba sai ta Baffa. Har yanzu ɗakin bincikenmu kamar gidan biki. Kuma mun karanta cikin Shafau, mun ga ƙofar da ta biyo. Daga waje ta zo, ta wani saƙon ƙarya. Ba ta hannun kowa a nan ba."

Aka kira Abdulmuhsin, ya shigo yana haki ya ce ƙwarai ya gan shi a baranda ya rufe hanci kamar ɓarawo, kuma wallahi duk wanda ya ce Abu Nawwaf zai iya haɗa baki da masu kutse bai taɓa ganinsa yana neman harafi a kan madannai da yatsa ɗaya ba. Ɗaya daga manyan ya fashe da dariya har da buga tebur, ɗayan ya bi shi. Mish'al da kansa ya miƙo masa katinsa, ya ce a yi haƙuri. Hazza ya fito kamar an sauke masa dutse, yana gaisawa da kowa har da masu shara. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba a ɗakin, Talal.

Makonnin da suka biyo baya Hazza ya sha gari. Da abin da aka ciro a kwamfutarsa aka gano inda sauran cutar ta maƙale, aka tsabtace, aka aika wa wasu kamfanonin gargaɗi. Mutumin masallacin nan ya zo da kwalin dabino yana kame-kame. Duk inda Hazza ya zauna sai an ce ya maimaita, shi kuma kullum labarin ƙara tsawo yake, har ya fara cewa dama jikinsa ya ba shi. Maganar hukunci ba wanda ya tayar, shi ma ya yi kamar ya manta. Sai dai in sun haɗu da Talal a baranda, Talal yakan buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya tambayi lafiyar yara ya wuce.

Ran wata Juma'a Talal ya gayyace shi cin rana a gidansa, da duk mazan sashen. Aka zaunar da Hazza a kan gaba. Talal bai bar ɗansa ya zuba gahawa ba, shi ya ɗauki buta da hagu ya miƙa ƙoƙo da dama, ya tsaya a kansa kamar yaron gida. Aka ci rago guda. Talal ya yi jawabi, ya ce a gaban kowa sunan Abu Nawwaf fari ne kamar rigarsa, ya faɗi yadda ya riƙe hannunsa ranar da ya fara aiki. Daga nan ya tashi ya shiga ciki.

Ya dawo da kasko a hannu, na gaske, mai gawayi ja, da gutsuren udu kamar babban yatsa yana tafasa a kai. Ba a ko kawo shayi ba tukuna. Bai zagaya ta dama yadda aka saba ba, bai miƙa wa kowa ba. Ya taho kai tsaye ya durƙusa gaban Hazza ya riƙe masa shi, idonsa a ƙasa.

Abdulmuhsin ya kawar da kai. Hazza ya dubi hayaƙin, ya dubi yaron da ya nuna wa hanyar masallaci, ya gane. An bar masa sunansa, an bar masa haƙƙinsa na ritaya, teburin kusa da taga ne ba nasa ba kuma. Ya ji baƙin ciki, ya ji kuma tausayin Talal ya fi nasa.

Ya buɗe gefen shimag ya rufa a kan kaskon, hayaƙi ya shiga gemunsa, ya ja shi sosai tunda yau ba azumi.

"Udun Kambodiya ne," ya ce. "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Amma gawayin ya yi yawa, kana ƙona shi."

"Ka yafe mini, Baffa. Na hau sama sau nawa..."

"Rufe bakinka. Ni na koya maka ƙa'idar turaren nan ko ba ni ba?"

Ya zaro katin shiga daga aljihu ya ajiye a gefen ƙoƙon gahawa. Ya dafa kafaɗar Talal ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙararsu. Mutanen sashen suka tashi gaba ɗaya, Abdulmuhsin ya riga shi zuwa ƙofa ya juya masa takalmansa.